Abin da rushewar Lehman ta koya mini a Kano

A ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a sashen ba da rance, kuma cikin duk abin da na gani a banki, babu wanda ya tsaya mini a rai kamar watannin da suka biyo bayan 15 ga Satumba 2008, ranar da bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Amurka.

A lokacin ni ke riƙe da fayilolin 'yan Kantin Kwari masu shigo da atamfa da yadi daga Sin. Mu ne muke buɗe musu takardar lamuni, amma dalar da ke bayanta ta bankunan Turai da Amurka ce, su ne suke tsaya mana a wajen masu kaya. Da na ga waɗannan bankuna suna tafka asara a gida, sai na rubuta wa manajanmu cewa ranar da suka buƙaci kuɗinsu, mu na nesa za su fara yanke wa, saboda haka mu sassauta ba da sabon rancen dala. Ya ce mini gobarar Amurka ba ta cin rumfa a Kwari, na koma na cika adadin da aka ɗora mini. Na koma, na sa hannu a kan takardun, ban ko ajiye kwafin gargaɗina ba. Wannan shi ne kuskurena.

Kafin ƙarshen Disamba gangar ɗanyen mai ta sauko daga dala 147 zuwa ƙasa da 40, naira ta karye, bankunan waje suka tsuke mana hanyar dala, bashin da aka bai wa mutane don sayen hannun jari a Legas kuma ya zama gawa. Bayan da Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya cire shugabannin bankuna biyar a Agusta 2009, Babban Banki ya zuba musu naira biliyan 420, sai kowane banki ya ƙulle hannunsa, har ga wanda bai taɓa saɓa ranar biya ba. Ni aka tura na shaida wa wani dattijo, wanda tun kafin na fara aiki yake hulɗa da mu, cewa ba za a sabunta masa ba. Ya tambaye ni, "Yaro, laifin me na yi?" Na rasa amsa.

Da aka zo bincike, sunana ne a kan takardun, aka riƙe mini ƙarin girma, manajan kuwa aka ɗauke shi zuwa hedikwata.

Tun daga nan nake duba inda dalarmu ta fito kafin na duba jinginar mai karɓar rance. Shi ya sa da Babban Bankin Amurka ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa a 2022, kafin Ghana ta dakatar da biyan bashinta na waje a Disamba, na riga na rubuta gargaɗi, kuma kwafinsa yana cikin jakata har yau.