Injin Hiace a cikin tsohuwar Hilux: yadda muka tashe ta a Garwa

Hilux ɗin ta kawuna ce, ƙirar ƙarshen shekarun 1980, mai ja da ƙafa huɗu. Ta daɗe tana jigilar masara da gyaɗa daga wajajen Ngong da Lagdo zuwa Garwa, har ranar da ta tafasa a hanya injin ya cije. Aka jawo ta aka jingine a bayan gida a Yelwa. Da na nemi ya sayar mini, sai ya ce in ɗauka kawai, in dai zan tashe ta.

Injinta na asali shi ne 2L na dizal, mai cc 2,446. Da muka buɗe shi, kulas, wato kan injin, ya tsage tsakanin bawul da bawul, fistin ɗaya kuma ya kama jikin silinda ya yi masa mummunan karce. Dattijon makanikin da na jingina da shi, wanda duk unguwa ke kira Baba, ya ce kuɗin da zai ci ya kusa na sayen wani. Muka tsaya a kan 3L, mai cc 2,779. 'Yan gida ɗaya ne da 2L, yana zama a bakin giyar motar ba sai an yi ƙira ba, kuma kayansa ba sa wuyar samu, domin shi ne a cikin bas-bas ɗin Hiace da yawa da ke bin hanyar Marwa. Wanda muka samu ma daga Hiace aka ciro shi, ya hauro daga Duwala.

Mai sayarwa ya ɗora shi a kan tsohuwar taya, ya jona batir, ya tsoma tiyo a galan ɗin gazuwal, wato man dizal. Bugu ɗaya ya tashi, yaran shago suka hau yabo. Baba bai ce komai ba. Ya cire murfin baƙin mai ya kifa tafin hannunsa a wurin, sannan ya jawo nawa hannun ya ɗora. Iska mai ɗumi tana bugowa fat-fat-fat, da hayaƙi a cikinta. Ya ce, “Ɗana, ka ji? Ringi ne ke zubar da ƙarfi. Tashi daban, lafiya daban.” Sayen inji don kawai ya tashi a ƙasa cinikin biri a sama ne. Mun saye shi, amma a farashin wanda za a buɗe, da sharaɗin in bulok ɗin, wato gangar jikin injin, a tsage yake za mu mayar. Na kuma sa an rubuta lambar injin a jikin rasit, na haɗa da takardun mota.

Bulok ɗin lafiya lau. Sai dai saman kowace silinda ya yi gaɓar da farce ke kamawa, metal, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu, kuma sun cinye har jan ƙarfe ya leƙo. Muka kai wa masu gurzawa. Suka faɗaɗa silinda da milimita 0.50, muka sayi fistin da ringi daidai da haka, kiranshaf kuma aka rage shi da 0.25. Kulas ɗin aka toshe hanyoyin ruwansa, aka hura masa iska a cikin ruwan zafi, ba kumfa ko ɗaya.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne wanki, kuma a nan nake ganin ake kashe injuna da yawa tun kafin su tashi. Bulok da kiranshaf suna dawowa daga gurza da garin ƙarfe maƙale a hanyoyin mai. Ido ba ya ganinsa. Muka bi kowace kafa da siririn buroshi da gazuwal, muka hura iska, sannan ruwan zafi da omo, muka busar muka shafa mai nan take don kada tsatsa ta kama. Gwajin Baba shi ne farin ƙyalle: a goga cikin silinda, in ya fito da toka-toka, a sake. Lokacin hunturu ne, ƙura ko'ina, don haka bai yarda a haɗa a filin gareji ba. A ɗakin ajiya muka yi aikin, an yayyafa ruwa a ƙasa, ƙofa a rufe, kowane ƙarfe a lulluɓe da leda sai an zo kansa.

Akwai abubuwan da wannan injin ba ya yafewa. Gasket ɗin kulas kauri uku ne, masu alamar B da D da F, kuma ana zaɓa ne bayan an auna yadda fistin ya ɗara saman bulok. Ba wanda mai shago ya miƙo ake ɗauka ba. Kusoshin kulas guda 18 ne, ana ɗaure su daga tsakiya zuwa waje, a kai su awo 78 na N·m da sifana mai auna ɗauri, sannan a ƙara kwatar zagaye, a sake ƙara wata kwatar. Muka ɗiga fenti a kan kowanne don mu ga juyin da idonmu. Bel ɗin taimin sabo muka sa tare da bori ɗinsa, wato ƙarfen da ke juyawa yana riƙe masa ɗauri, domin in ya tsinke fistin da bawul ne za su gwabza. Bayan an daidaita alamomi, Baba ya juya injin da hannu zagaye biyu, ya sake duba su.

Ranar ɗorawa ce ta nuna amfanin mataccen injin. Masu sayen tsohon ƙarfe sun yi ta zarya a kansa, Baba ya hana. Tukunyar mai ta Hiace ba ta zama a Hilux mai ja da ƙafa huɗu, tana karo da gadar gaba. Sai muka ɗauko ta tsohon 2L, tare da bututun tsotson mai da sandar duba mai, domin ukun tare suke tafiya: in ka haɗa tukunyar wannan da sandar wancan, awon zai riƙa yi maka ƙarya. Ƙafafun inji, bututun shaƙar iska da na salansa, har da fulawil, duk daga jikinsa muka kwance. Kuloci dai sabo muka sa, tunda an riga an sauke komai.

Da injin ya zauna, ni a ganina an gama. Baba ya ce, “Abin da ya kashe na farko fa? Yana nan a cikin motar.” Lagireto yake nufi. Daga waje fes yake. Mai gyara ya narke dalmar tankin sama ya ɗaga, sai ga bakunan bututu da yawa a toshe da farin dutse mai kama da kanwa, na ruwan rijiya da na Binuwai da aka yi shekaru ana ɗurawa. Ya riƙa zura siririn ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, wasu suka buɗe, wasu ko gezau. Tsakanin haƙarƙarinsa kuma cike da gashin auduga da ƙaiƙayi. A garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, inji mafi girma ba zai rayu da wannan ba. Na sayi sabo mai kauri. Kan fanka, wanda ke kamawa in inji ya yi zafi, shi ma ya saki, da yatsa ɗaya ake juya shi. Aka canza.

Wuri ɗaya muka sha bamban da Baba, a kan tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi. Kamar yawancin makanikanmu, ya fi son a cire a jefar, wai ƙasarmu ba ta sanyi. Na ce, “Baba, a yi mini haƙuri a bar shi.” Hujjata ita ce aikinsa ba na ƙasar sanyi kaɗai ba ne: yana sa inji ya kai zafin aikinsa da wuri ya tsaya a nan, kuma injin dizal da ke yawo da sanyi yana tara baƙi, yana cin ringi. In mota na tafasa, cire shi ɓoye ciwon ne kawai. Ya yi shiru, ya jefa sabon a tukunyar ruwan zafi, ya ga ya buɗe, sannan ya ɗaura da kansa. Na ƙara agogon zafi mai lambobi a gaban direba, kuma tun daga ranar ruwan lagireto na galan nake zubawa.

Kafin tashin farko mun cire wayar da ke buɗe wa famfon inji hanyar gazuwal, muka yi ta buga sitata har fitilar baƙin mai ta mutu. Sannan aka mayar, aka fitar da iska daga layin gazuwal. Ya tashi da farin hayaƙi, can ya washe.

Makonnin farko ban ɗora mata kaya ba, ban kuma bar ta tana aiki a tsaye ba, domin sabon ringi yana son ɗan nauyi kafin ya zauna. Ina zuwa Pitowa in dawo, ina sauya gudu. Na juye mai da filta da wuri, muka sake auna tazarar bawul. Sai bayan nan na loda mata buhuna na nufi Ngaundere. A hawan dutsen da ke bayan Mbe, inda manyan motoci ke rarrafe, na sa giya ta biyu idona na kan agogo. Allurar ta ɗan ɗaga, na ji fanka ta kama da gurnani, ta koma mazauninta har muka kai sama.

A gangarowa ne na ji birkin bai kai yadda nake so ba in akwai kaya, sifirin ɗin baya ma sun kwanta. Su ne aikin da ke gabanmu kafin damina.