Firjin da Inna Mai Zoɓo Ta Dawo Mana da Shi

Ranar baje kolin ayyukan 'yan aji uku, firjin nan ne ya tara jama'a. Yara huɗu ne suka haɗa shi. Akwatin katako ne da ya sha farin fenti, an shimfiɗe cikinsa da farin soson nan da ake tallafe talabijin da shi a kwali, ga 'yar fitila shuɗiya da ke kamawa da zarar an ɗaga murfi, ga farantin sola a jingine a gefe. Shugaban makaranta ya zura hannu ciki ya ce, "Kai, da sanyi kuwa!" Iyaye suka yi ta ɗaukar hoto. Ni ne malamin da ya duba aikin tun daga farko, ni na ba su maki mafi yawa a shekarar, kuma ranar na koma gida zuciyata fari ƙal.

Yaran da kansu suka ce a bai wa Inna, dattijuwar da ke sayar da zoɓo da kunun aya a bakin ƙofar makaranta, don ta huta da sayen ƙanƙara kullum. Watan Afrilu ne, zafin Kano ya kai inda ya kai. Kwana huɗu da kai mata, sai ga jikanta ya turo shi a baro, ita tana biye.

"Malam, Allah ya yi wa yaran nan albarka, sun yi ƙoƙari," in ji ta. "Amma ku karɓi abinku. Da safe yakan ɗan yi huci mai sanyi, zoɓon kuwa yadda na sa shi haka nake ɗauko shi. Kafin a kira azahar ma ya mutu murus."

Ba ta faɗa da faɗa ba, har haƙuri take ba ni. Wannan haƙurin ya fi komai taɓa ni.

Da yamma na zauna ni kaɗai a ɗakin aikin hannu da biro da takarda, na yi lissafin da ya kamata a ce na sa yaran sun yi tun watanni shida baya. Abin da ke sanyaya akwatin wani ɗan fale-falen faranti ne da ake kira Peltier, sunan Bafaranshen da ya gano dabarar a 1834. In ka ba shi wuta, gefe ɗaya ya yi sanyi, ɗaya gefen ya yi zafi. Irin wanda suka saya yana jan kimanin amfiya 5 a kan bolt 12, wato wat 60 ke nan. Farantin solarsu an rubuta masa wat 50. Tun daga nan an riga an faɗi. Kuma wat 50 ɗin nan, masu ƙerawa suna auna shi ne a zafin digiri 25. A ranar Afrilu jikin farantin yakan haura digiri 60, kowane digiri ɗaya da ya ƙaru kuwa yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. Ka cire kashi 14, ka ƙara cire abin da ƙura ta tare. Batirin da zai cike giɓin irin ƙaramin nan ne na na'urar riƙe wa kwamfuta wuta, mai ɗaukar amfiya 7 na awa ɗaya. Shi kaɗai, da ƙyar zai wuce awa guda.

Wannan duk gefen wuta ne. Gefen ruwa ya fi ba ni kunya, domin darasin aji ɗaya ne, kuma da bakina nake koyar da shi kowace shekara. Kafin ka sauke zafin ruwa lita ɗaya da digiri ɗaya, sai ka zare masa kilojul 4.2, wato ma'aunin yawan zafi. Zoɓon Inna ya kai lita 10. Daga digiri 35 zuwa 10, kilojul dubu ɗaya da hamsin ke nan. Farantin Peltier kuwa mai ɓarnar wuta ne; a irin wannan haɗin, in ya kwashe zafin da ya kai rabin wutar da ya ci, ya yi ƙoƙari. Ko da wutar ba ta yanke ba, sai ya yi kusan awa goma yana aiki kafin zoɓon ya yi sanyin da mai saye zai ji a haƙorinsa. Ranar baje koli babu komai a akwatin sai iska, sanyaya iska kuwa ba ta da wuya. Hannun shugaban makaranta bai yi ƙarya ba, mu ne ba mu sa wa abin kaya ba.

Lissafin nan bai ci ni minti goma ba. Na daɗe ina kallon takardar. Yaran ba su da laifi: sun gani a YouTube, sun tara kuɗin tara nasu, sun je Sabon Gari sun sayo kaya, sun ƙona yatsu da darma. Duk abin da na tambaye su sun yi. Tambayoyina ne suka tsaya a kan "Ya kama?" da "Yaushe za ku yi fenti?" Ban taɓa cewa "Wa zai yi amfani da shi, me zai zuba ciki, awa nawa?" ba. Sun fita daga makaranta da makin da ya gaya musu sun iya, alhali abin da aikin ya kamata ya koya musu bai shiga ba. Wannan haƙƙi ne a wuyana, har yau ina jin sa.

Da sabuwar shekarar karatu ta zagayo, na kafa doka: babu wanda zai taɓa zarto ko ƙarfen darma sai ya cika sati uku yana zama da mutumin da matsalar take damu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na kuma sa kowace ƙungiya ta sayi littafi mai kauri, a rubuta da biro, a sa kwanan wata a kowane shafi, ba a yage takarda, ba a goge kuskure sai dai a ja masa layi ɗaya. Wannan ba ni na ƙirƙiro ba. A Amurka akwai wani shirin koyar da injiniyanci a sakandare mai suna Project Lead The Way, wanda aka fara a jihar New York a 1997. 'Yan ajin ƙarshe a can sukan ɗauki matsala guda su bi ta tsawon shekara, su tabbatar da hujja cewa matsalar gaskiya ce kafin su zana komai, a ƙarshe su kare aikinsu a gaban injiniyoyi daga waje. Kayan aikinsu ba mu da ko kashi ɗaya cikin goma. Amma littafi da biro da zama da mai matsala, waɗannan ba su fi ƙarfinmu ba.

Yaran sun yi ta gunaguni. Su burinsu abu mai fitila da waya, abin da za a kalla a ce injiniya ya yi. Sai na ba su labarin Mohammed Bah Abba, malamin da ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ɗan gidan masu ginin tukwane. Tukunya ya sa cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana bin iska, yana tafiya da zafin ciki. Gautan da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27, alayyahon da ba ya kwana ya kai kwana 12. Da wannan ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Babu waya ko ɗaya a jikinsa. Na ce musu su lura, ilimin da ke cikin randar kakanninsu ne; abin da ya ƙara shi ne ya san matan ƙauye da asarar da suke yi, ya gwada, ya sake gwadawa, ya ƙirga kwanaki.

Ƙungiyar da na fi koyon abu daga gare ta a shekarar, ta wani yaro ce da mahaifinsa ke noman rani a wajen Kura. Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Janairu zuwa Maris ya san abin da ake gani: tumatir ya yi yawa, kwando ya faɗi warwas, manoma sun yayyanka sun baza a ƙasa ana kauɗa, ƙura na zuba, awaki na bi ta kai. Yaran suka je suka wuni a gonar har sau biyu. Suka dawo suka ce za su haɗa akwatin busar da tumatir da zafin rana.

Na farkon da suka haɗa, a toshe yake ta ko'ina. Tunaninsu shi ne, iya zafin da aka tare iya saurin bushewa. Na ga kuskuren tun a zane. Na yi ta kai-kawo a raina, in faɗa ko in yi shiru, daga ƙarshe na yi shiru, na ce dai su auna nauyin tumatirin kafin su sa. Kwana biyu suka buɗe. Ledar saman ta yi gumi tana ɗiga, tumatirin ya dahu ya yi laɓo-laɓo, gefe ya fara furfura, ga wani tsami da ya bugi hanci. Ɗaya daga cikinsu har idonsa ya kawo ruwa, don kuɗin aljihunsa ne a ciki.

Na ce su ɗauko littafi. "Kilo nawa kuka sa?" Goma. "Tumatir kashi nawa ne ruwa?" Suka duba, kusan 94 cikin ɗari. "To in ya bushe, nawa zai rage?" Suka buga, bai kai kilo ɗaya ba. Sai aka yi tsit. Can sai wani yaro da ke zama a bayan aji, wanda ban taɓa jin ya ɗaga hannu a darasina ba, ya ce a hankali, "Malam, ke nan ruwa ya fi lita tara a cikin akwatin nan. Ta ina muka ce ya fita?"

Ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Shi yaron, ɗan kafinta ne, tun yana ƙarami yake riƙe wa babansa katako. A jarrabawar takarda da ƙyar yake tsallakewa. Amma shi ya ce a buɗe ƙofar iska a ƙasa, a yi wata a sama ta baya, tunda iska mai zafi sama take yi, kamar hayaƙin murhu. Shi ya kawo shawarar a sa tsohon kwanon rufi a shafe shi da baƙin fenti, a kishingiɗar da shi gaban akwatin yana kallon kudu, iska ta fara bi ta kansa ta ɗau zafi kafin ta isa ga tumatirin. Suka je Ƙofar Ruwa suka samo kwanon, suka sa ragar sauro a ƙofofin saboda ƙuda, suka yi faifai uku na raga a jere. Na ga yadda yake riƙe zarto, yadda yake sa babban yatsa ya tsayar da bakinsa kafin ya ja, na ga sauran ukun, har da wanda ke zuwa na ɗaya a aji, sun tsaya suna kallonsa suna jiran umarni. Shekara biyu da rabi yaron nan yana gabana ban san shi ba.

Daga nan aiki ya koma awo. Ma'aunin zafi ɗaya muke da shi, suka riƙa karɓa-karɓa, kowace awa daga hantsi zuwa la'asar. Suka gane cewa in suka buɗe ƙofar sama gaba ɗaya zafin ya gudu, in suka matse ta gumi ya dawo. Abin da ake so shi ne tsakanin digiri 50 zuwa 60, in ya wuce haka da yawa tumatirin ya yi baƙi. Suka gane faifan ƙasa ya riga na sama bushewa, sai an riƙa sauya musu wuri. Suka gane kaurin yanka ma yana da nasa tasiri. Kullum da safe sai sun goge ƙurar hunturu daga kan ledar. Shafukan littafin suka cika da lambobi da jirwayen ruwan tumatir.

Wani abokin aikina ya yi mini magana, kuma yana da gaskiyarsa. Ya ce WAEC da NECO sun ƙarato, babu tambayar da za ta fito a kan busar da tumatir, ina cinye wa yara lokacin bita. Na rage kwanakin, muka mayar da awon ranakun Asabar da lokacin tara. Amma ban yarda cewa lokacin ya tafi a banza ba. Yaron da ya ga lita tara na ruwa sun rasa hanyar fita, ba zai sake buƙatar haddar ma'anar tururi da laimar iska ba. Rabon maki ma na sauya shi: rabi na littafi ne, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mai amfani da kayan ya faɗa bayan sati biyu, ragowar ne na ranar baje koli. Fenti ba shi da ko ɗaya.

A baje kolin shekarar, akwatinsu bai tara mutane ba. Baƙin kwano ne da leda da katakon da ba a goge ba. Manomin nan na Kura, mahaifin ɗaya daga cikinsu, shi ne ya zo ya tsaya a kansa ya daɗe. Ya ɗauki kauɗar ya murza, ya shinshina, ya ɗaga ta sama yana duba jan da ta yi.

"Malam, wannan ko ba a wanke ba sai a zuba a miya," ya ce. "Babu yashi. Sai dai fa abin naku ƙarami ne. Ni a tsinka ɗaya nakan cire kwando talatin, wannan ko rabin kwando bai ci ba. Kuma ledar nan, rana za ta cinye ta kafin baɗi."

Ɗan kafintan nan ya buɗe littafin a kan gwiwarsa ya rubuta duka biyun, ya sa kwanan wata. Sannan ya ɗago ya ce, "Baba, in da za a yi babba, nawa za ka iya kashewa a kai?" Dattijon ya yi shiru yana lissafi da yatsu, ya faɗi kuɗin, yaron ya rubuta.

Littafin yana hannun 'yan aji ukun bana. Daga wannan shafin suka fara, kuma satin da ya wuce sun je Kura sun auno filin da Baba yake shanya.