Godiya ga yaranmu da duk waɗanda suka tsaya musu

Assalamu alaikum.

A madadin kwamitin kula da makarantar firamare ta garinmu a nan ƙasar Daura, muna miƙa godiya kan taron da aka yi ranar Asabar a filin makaranta, inda 'yan aji 5 da aji 6 da yayyensu na ƙaramar sakandare suka tsaya gaban iyayensu, suka yi bayanin aikin da suke yi kan auren wuri, talla da aikatau.

Godiya ta farko ga Dagaci, Allah ya ƙara masa lafiya, da masu unguwanni da suka zauna har aka shafa fatiha. Ganin su zaune ne ya sa magidantan da suka zo leƙe suka nemi tabarma. Mun gode wa Malam Liman, wanda ya tunatar da mu hadisin da ya hana a aurar da budurwa sai an nemi izininta, ya kuma ja kunnen iyaye da kada su ɗauki kukan yarinya a matsayin kunya. Mun gode wa ma'aikaciyar lafiya da ta ware iyaye mata gefe ta yi musu bayanin yoyon fitsari dalla-dalla: yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, naƙuda ta yi kwana biyu ko uku a gida, kan jariri ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu ya ɓule. Da yawa sun san asibitin Babbar Ruga a Katsina da suna, amma ba su san ta inda ciwon yake farawa ba.

Baƙi daga ƙauyukan makwabta sun tambayi yadda aikin yake tafiya. Ga shi.

A kowane aji akwai yara biyu, mace da namiji, da littafi ɗaya da suke rubuta wanda bai zo ba. In yaro ya yi kwana uku a jere ba a gan shi ba, sai su gaya wa malamar da aka ɗora wa wannan aiki, tare da abin da suka ji. Yara ne kan fara sani. Su ne suke rijiya tare, suke Islamiyya tare, su ne za su ce an ga baƙi da goro a gidan su wance, ko wata mata ta zo daga birni tana neman 'yan aiki. Aikin yaro ya ƙare a nan, kuma muna roƙon duk wanda zai kwaikwaya ya riƙe wannan da kyau. Malama da dattijuwa ɗaya ne za su shiga wurin uwa, mai unguwa kuma ya sami uba a zaure, su biyu kawai. Inda aka bar yara suka je ƙofar gida da waƙa ko kwali, uba kan ji an ci mutuncinsa a bainar jama'a, sai ya matso da ranar biki, yaran da suka je kuma su sha duka a gidajensu. Haka nan ba a karanta sunan yarinya a taro ko a sa hotonta a waya.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Magana tana shiga kafin a karɓi kuɗin gaisuwa. Da zarar an sa rana, an kawo lefe, to akwai bashi da kunya a tsakanin gida biyu, kuma da wuya a warware. Shi ya sa ake ƙara sa ido bayan kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo, da kuma hutun da ke tsakanin gama aji 6 da shiga sakandare, domin a nan ne 'yan mata suka fi salwanta. Maza kuwa damina ce ke ɗauke su. Ba wanda ya hana yaro taimakon mahaifinsa a gona. Abin dubawa shi ne ko aikin ya ci lokacin makaranta, ko ya fi ƙarfinsa, ko yana da haɗari kamar goyon tankin feshin maganin ƙwari.

Talla ta fi komai wuya, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa uwa laifi a tafi. Kuɗin ƙosai da awara da dafaffiyar gyaɗa su ne zubin adashenta, adashen kuma shi ne kayan ɗakin yarinyar. Wanda ya ce a sauke faranti bai kawo madadi ba, cikin mako biyu zai ga farantin ya koma kai. Abin da ake fara nema shi ne a mai da tallar bayan an tashi makaranta, cikin unguwa, ban da tasha, kuma a dawo kafin magariba. Daga nan a taimaki uwa ta riƙa sayarwa daga gida.

Doka tana nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, jihar Katsina ma ta yi dokar kare yara a 2020. Amma ita ce matakin ƙarshe, kuma ko ita tana buƙatar takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, in ba haka ba gardamar shekaru ba ta ƙarewa. Don haka duk wanda ɗansa ba shi da ita, ya ba shugaban makaranta suna a wannan makon.

Ga yaranmu, Allah ya yi muku albarka. Kun yi magana da ladabi, ba ku kama sunan kowa ba. Mun gode wa malamanku da suka tsaya da ku bayan tashi ba tare da ko sisi ba, da matasan da suka ɗauko benci da lasifika, da iyayen da suka aiko da ruwa da kunu.

Ƙauyen da ke son farawa ya turo shugaban makaranta, mai unguwa da dattijuwa ɗaya ranar Alhamis bayan la'asar, za a nuna musu yadda ake cika littafin.

Kwamitin kula da makaranta