Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Bazarar da Na Ƙona Ciyawar Fili

A makon jiya na tsaya ne a inda na bar filin golf na koma aiki a wani filin ƙwallon ƙafa a Kaduna, a farkon shekarar 1999, lokacin da Najeriya ke shirin karɓar baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, wadda aka buga wasu wasanninta a Kano da Kaduna da Bauchi. Filinmu ba ya cikin waɗanda aka zaɓa, amma a wannan shekarar kowane mai fili so yake a ga nasa ya yi kore shar.

Ya kamata mai karatu ya san cewa duk shekarun da na yi a filin golf ban taɓa renon ciyawa mai laushi ba. Wurin da ramin da ake zura ƙwallo yake, wanda a wasu ƙasashe ake shuka shi da ciyawar da ake aske ta zuwa milimita 3 ko 4, mu yashi ne muke cakuɗawa da baƙin mai, mu baje, mu ja buhu a kai har ya kwanta sumul. Saboda haka na iso sabon wurin ne da ƙarfin jiki da son aiki, amma ilimin ciyawa sai abin da na tsinta a bakin shugabanmu, wani dattijo da kowa ke kira Baba.

Baba ne ya fara nuna mini cewa ciyawar filin ita ce kirikirin da muke nomewa a gona, mai yaɗo tana kafa saiwa a kowace gaɓa, shi ya sa take jure tattaki. Ya koya mini kada in yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a lokaci guda, kuma in bar ta a kusan milimita 25 zuwa 30. Ya kuma sa na yi lissafin da har yau ban manta ba: fili mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68 murabba'in mita 7,140 ne, don haka ko ruwa mai zurfin milimita ɗaya kake son ba shi, sai ka zuba lita 7,140. A bazara kuwa, rana kan shanye ninkin wannan sau da dama kafin magariba.

A cikin watan Maris famfon rijiyar burtsatsenmu ya lalace, Baba kuma ya tafi ta'aziyya ƙauyensu. Na dubi filin na ga ya fara fari, sai na ɗauko buhun takin yuriya na bi shi ina watsawa da hannu da rana tsaka, ina zaton idan ya dawo zai yaba mini. Ban ba shi ruwa ba, domin babu. Bayan kwana uku sai ga layuka masu ruwan ƙasa sun fito, kowanne a lanƙwashe daidai yadda hannuna ya riƙa wurgi, ta yadda ko daga bakin ƙofa za ka iya ƙirga takuna.

Da Baba ya dawo, ya durƙusa ya tsige ciyawar ya murza ta a tafinsa, ta zube kamar dusa. Ya ce, "Yaro, taki a busasshiyar ƙasa gishiri ne, ruwan da ya rage a jikinta yake zuƙewa."

Na ce, "Baba, a yi mini aikin gafara, ni na yi."

Bai ƙara magana a kai ba, kuma bai kai ƙarata ofis ba, abin da har yanzu idan na tuna sai na yi masa addu'a. Mun yi hayar tankar ruwa muna jiƙa wurin da daddare don takin ya nutse ƙasa, muka huhhuda ƙasar, muka barbaɗa yashi da ruɓaɓɓen takin shanu, sannan muka yanko jijiyoyin kirikiri daga bayan raga muka dasa ɗaya bayan ɗaya. Aya-aya ta riga ta samu ƙofa a wuraren da suka mutu, kuma ita idan ba ka tono ƙwayarta ba banza ka yi, don haka na shafe makonni a tsugune da 'yar wuƙa. Sai da ruwan farko ya sauka, aka shiga watan Mayu sosai, kafin tabon ya rufe.

Ciyawar ba ta gama murmurewa ba sai ga takarda cewa an ba da hayar filin don wani babban taro, da rumfuna da kujeru da motoci. Yadda muka kwashe da wannan taro, shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.