Shuɗin da na gani a allo bai fito a takarda ba

Da waya na fara, ina ɗora rubutu a kan hotuna da manhajar Canva, abokai suna ta yabawa. Yabon nan ya hau min kai. Ban cika wata uku ba na fara kiran kaina mai zane.

Aikin farko da aka biya ni takardar talla ce. Kwana biyu na yi a kanta, na zaɓi wani shuɗi mai ƙyalli da nake ji da shi. Ranar da na je karɓowa daga wurin bugawa, jikina ya yi sanyi. Shuɗin ya dusashe kamar tsohon yadi, wuƙar yanka ta cinye rabin lambar wayar da ke ƙasa, duk inda harafin ƙ yake kuma sai wani ɗan akwati ya fito a madadinsa.

Dattijon da ke kan injin ya ɗaga takardar, ya dube ni. "Yaro, wa ya koya maka aikin nan?" Na ce, "Baba, ni na koya wa kaina." Ya ce ai ya gani.

Shi ya zaunar da ni ya yi min bayani. Allo da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Injin kuwa tawada huɗu yake amfani da su, CMYK, kuma akwai launukan da tawada ba ta iya kaiwa ko za ka kwana kana addu'a. Dole a bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, a janye rubutu daga baki. Hoton bugawa ya kai 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci. Haruffa kuma a mayar da su zane kafin a tura, don ba kowane salon rubutu ne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Daga aljihuna na biya kuɗin sake bugawa.

Bayan nan na koma koyo da gaske. Photoshop, wanda ya fito tun 1990, na bar shi wa hotuna. Tambari kuwa a Illustrator ko CorelDRAW nake yi, domin layukansa ba sa fashewa ko an ja shi daga girman kati zuwa allon talla.

Amma manhaja ba ita ce mai wuya ba, mutane ne. Wani zai ce "ka ɗan ƙara masa kyau", ka tambaye shi me yake nufi, shi ma bai sani ba. Wani kuma ya ga fili a takarda, sai ya ji kamar an cuce shi, yana so a cika ko'ina, alhali filin nan ne ke ba ido damar hutawa. Yanzu kafin in taɓa kwamfuta sai na tambaya: wa zai karanta, daga wane nisa, me ake so ya yi bayan ya karanta? Ina karɓar rabin kuɗi tun farko, gyara sau biyu ne a cikin ciniki, na uku da kuɗinsa. Wasu sun gudu saboda haka, kuma a gaskiya ban yi kewarsu ba.

Ba na sake tura aiki sai na buga kwafi ɗaya, na riƙe shi a hannu, na karanta lambar wayar da ƙarfi.