Dare uku ina gadin kwalta

Wani abokina ne ya jefa ni cikin wannan aiki. Ya turo mini adireshin wata kyamara da ke haska mazurarin gilashi a Jami'ar Queensland da ke birnin Brisbane na Ostireliya, ya ce in zuba ido, abu na gab da faruwa. Na sayi data na zauna.

Kwalta ce a cikin mazurarin, baƙa ƙirin, irin wadda in ka buga mata guduma sai ta tarwatse. Farfesa Thomas Parnell ne ya narka ta ya zuba a 1927, don ya nuna wa ɗalibansa cewa tana kwarara, sauri ne kawai ba ta da shi. Ya bar ta shekara uku ta kwanta, sannan ya yanke bakin mazurarin a 1930. Ɗigon farko bai faɗo ba sai 1938. Na tara ya sauka a Afrilun 2014. Na goma ni aka bar wa gadinsa.

Daren farko na yi ta kashe wayar ina kunnawa, a zatona hoton ne ya maƙale. Sai da na ga hannun agogon da aka ajiye kusa da gilashin yana tafiya na gane wayata lafiyarta ƙalau, kwaltar ce ba ta da niyya. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, me ake kallo ne haka?" Na ce ɗigo nake jira. Ta tambayi yaushe zai faɗo, na ce wataƙila bana, wataƙila baɗi. Ba ta ƙara magana ba, ta ɗauke kwanon tuwona.

A dare na biyu na karanta labarin Farfesa John Mainstone, nan dariyata ta ragu. Shekara 52 yana kula da wannan kwalta, tun 1961, bai taɓa ganin faɗuwar ɗigo da idonsa ba. A 1988 ya fita neman shayi, ya dawo ya tarar ta ɗiga. A 2000 ya kafa kyamara ya yi tafiya, kyamarar ta ƙi ɗauka. Ya rasu a Agustan 2013, saura wata takwas na tara ya sauka.

Abin da na koya bai da yawa. Kada ka yi irin wannan kallo da datar da ka sayo da kuɗinka, kuma kada ka yarda da abokin da ya ce maka "gab". Sannan kwaltar ba ta da abin dariya ko kaɗan, mai kallonta ne abin dariya, ga shi magidanci da gemunsa yana tsoron ƙyafta ido.

A dare na uku na tashi dafa shayi. Ruwan bai ko yi zafi ba Mainstone ya faɗo mini a rai, na bar butar a kan wuta na dawo da gudu. Kwaltar tana nan yadda na bar ta.