Ranar da Kalangu Ya Ƙi Magana a Hannuna

Shekara uku na yi ina koyon kalangu a wurin kawuna a Talata Mafara kafin ya yarda in bi shi filin dambe, kuma a lokacin ina ganin na gama ƙwarewa, domin a zauren gidanmu nakan jero taken 'yan dambe goma ban yi tuntuɓe ba. Da kaka ta yi muka tafi Ƙaura Namoda. Ɗan damben da za mu kaɗa wa take ya shigo fili ya ɗaga ɗaurarren hannunsa, jama'a suka yi tsit, sai na ji bakina ya bushe, tafin hannuna ya jiƙe, hammatata kuwa ta danne tsarkiya ta ƙi saki. Wanda ya san kalangu ya san cewa da matsi da sassauci yake kwaikwayon hawa da saukar muryar Bahaushe, don haka idan ya maƙale a sama ya daina magana, hayaniya kawai yake yi. Kawu ne ya karɓe taken ya rufa mini asiri.

A hanyar komawa gida na ce, "Kawu, wallahi na san taken nan." Ya ce, "Hannunka ne ya san shi, yaro, kai kuwa ka tsaya kallon hannun har ka tare mashi hanya."

Sai daga baya na gane abin da ya faru. Idan tsoro ya kama mutum, jikinsa yana sakin sinadarin adiranalin daga wasu ƙananan sassan jiki da ke bisa ƙoda, zuciya ta ƙara bugu, tsoka ta ɗaure. Wannan yana amfanar wanda zai kai naushi, amma yana cutar da wanda aikinsa ke bukatar hammata mai laushi. Abin da ya fi muni shi ne hankali yakan koma ƙirga kowane bugu, alhali hannu ya daɗe da daina bukatar a ƙirga masa.

Da na duba yadda nake bita, sai na ga shekara ukun nan daɗi nake ji wa kunnena. Kullum daga farkon take nake tasowa, in wuce wurin da ke ba ni wuya da sauri don kada in ji kuskuren. Na koma ware wannan gaɓar ita kaɗai, ina kaɗa ta a hankali kamar mai koyon tafiya, na ɗan lokaci bayan la'asar, in bar ta sai gobe, kuma sau da yawa takan fi zama bayan na kwana. Na kuma roƙi Kawu ya riƙa jefa ni tsakiyar take ba sanarwa, saboda a fili ba a komawa farko.

Tsoron ma sai da na yi bitarsa. Nakan zagaya unguwa da gudu, in ɗauki kalangu ina haki, in tsaya gaban rumfar mahauta, waɗanda kiɗan nasu ne tun asali kuma ba sa ragawa kowa. Sun yi mini dariya kusan wata guda.

Da kaka ta zagayo muka koma filin, bakina ya sake bushewa kamar bara. Na ja numfashi, na sauke kafaɗa, na kafa idona a kan ƙafar ɗan damben, na bar kunnena a wurin kalangun Kawu. Na ɓata bugu biyu a tsakiya, amma ɗan damben bai daina taku ba.